Koyar da Karatu ga Yara Masu Larurar Disleksiya

A makarantunmu na firamare akan sami yaro mai kaifin basira, wanda ya iya lissafin kuɗin cefane, ya iya ba da labari daki-daki, amma da an buɗe masa littafi sai harshensa ya sarƙe. Irin wannan yaro ne ake yi wa laƙabi da daƙiƙi, wani lokaci har bulala ta shiga. Sau da yawa abin da ke damunsa larura ce da masana ke kira disleksiya, wato wahalar da ƙwaƙwalwa ke sha wajen haɗa harafi da sautinsa. Ba ƙarancin hankali ba ne, ba kuma sammu ko shafar iska ba ne, kuma takan bi jini a cikin dangi.

Wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, shi ya raɗa mata wannan suna a 1887. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da bayanin wani yaro ɗan shekara 14 mai hazaƙa wanda karatu ya gagare shi. Daga baya, a shekarun 1930, Samuel Orton da Anna Gillingham na Amurka suka tsara hanyar koyarwa da har yau ake ɗorawa a kanta.

Yadda ake gane ta

Karatun amshi da muka saba da shi, inda malami zai faɗa aji duka ya maimaita, yana ɓoye wannan larura ƙwarai. Yaron yakan haddace shafi da ka, ya riƙa bin 'yan'uwansa, har ya kai aji huɗu ba a farga ba. Saboda haka muna shawartar malamai su riƙa kiran yara ɗaya bayan ɗaya, a ba su kalmar da ba su taɓa gani ba. Mai larurar zai yi ta cije-cije, ko ya yi kintace, ko ya tsallake gaɓa. Juya harafi kaɗai ba hujja ba ce, domin yawancin masu fara rubutu suna yi. Har ila yau, kafin a yanke hukunci a fara kai yaro asibiti a duba idonsa da kunnensa, a kuma tabbatar ba fashin makaranta ne ya jawo koma-bayan ba.

Yadda ake koyarwa

Ana farawa da kunne kafin ido. Malami ya faɗi kalma kamar "tumatir", yaro ya tafa sau uku, gaɓa-gaɓa. Sannan a gabatar da harafi ɗaya tak: yaro ya gan shi, ya furta sautinsa, ya zana shi da yatsa a kan rairayi, ko ya ƙera shi da yumɓu. Ba a matsawa gaba sai wannan ya zauna, kuma kullum a waiwayi na jiya.

A nan mun yi dace, domin rubutun boko na Hausa ya fi na Ingilishi bin lafazi nesa ba kusa ba, ga shi yawancin gaɓoɓinmu baƙi ne da wasali. Sai dai muna da namu wuraren tuntuɓe. Haruffan b, d, ɓ da ɗ sun yi kama da juna, don haka kada a koyar da su a mako guda. A raba su, sannan a gwama da kalmomi irin su "daka" da "ɗaka", ko "kafa" da "ƙafa". Tagwayen baƙaƙe kamar sh, ts, ky da gw a bar su sai daga baya. Bugu da ƙari, rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, shi ya sa "gari" na zama da "gari" na tuwo suke fitowa iri ɗaya. Irin waɗannan a cikin jimla za a koyar da su.

Zama gajere na kullum ya fi dogon zama sau ɗaya a mako amfani. Kada a tsayar da yaron ya yi karatu a gaban aji ba shiri, kuma a ƙara masa lokaci a jarrabawa.

Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ba kowane yaro haƙƙin karatun shekara 9 kyauta, har da waɗannan. Iyayen da suka ga alamun su sanar da shugaban makaranta, shi kuma ya kai maganar ga sakataren ilmi na ƙaramar hukuma domin a nemi malamin da ya sami horo kan ilmin masu buƙata ta musamman.