Rabilu Musa Ɗan Ibro

Rabilu Musa Ɗanlasan, wanda aka fi sani da Ɗan Ibro ko Ibro (1971 – 10 ga Disamba, 2014), ɗan wasan barkwanci ne a masana'antar finafinan Hausa ta Kannywood. Ya yi tashe daga ƙarshen shekarun 1990 har zuwa rasuwarsa, kuma ana lissafa shi a sahun gaba na masu ban dariya da ƙasar Hausa ta yi a zamanin kaset da faifan bidiyo.

Farkon rayuwa

An haife shi a garin Ɗanlasan da ke Ƙaramar Hukumar Warawa a Jihar Kano. Ya yi firamare a garinsu, sannan ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Wudil. A shekarar 1991 ya shiga aikin gidan yari, ya yi shekara takwas yana gandiroba kafin ya ajiye kaki ya koma wasan kwaikwayo gaba ɗaya.

Salon wasansa

Ibro yakan fito ne a matsayin talaka mai wayon banza, wanda ke ƙulla dabara ta juye a kansa. Sunan nan ya bi shi har ya zama tambarin kasuwa: akwai Ibro Awilo, Ibro Usama, Ibro Ɗan Fulani da Ibro Aloko.

Rabin dariyar a harshe take. Yana kwaikwayon karin maganar wasu ƙabilu da masu sana'o'i, yana karkata kalma ta ba da ma'anar da ba a zata ba, yana kuma ɗaukar waƙar da ake yayi ya sauya mata baiti. Wannan na ƙarshe ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Tun kafin zuwan fim 'yan kama suna yin haka a kasuwa da wurin biki, inda sukan juya waƙar wani makaɗi ko karatun malamai su mayar da shi zancen tuwo da miya. Ibro ya ɗauko wannan gado ne ya kai shi gaban kyamara, ya haɗa da labaran duniya: a Ibro Usama, wanda ya fito bayan harin 11 ga Satumba, 2001 a Amurka, ya yi shigar Usama bin Ladan.

Ɗauri a 2008

Daga shekarar 2007 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta tsananta dokoki a kan 'yan fim. A watan Oktoba, 2008 wata kotun tafi-da-gidanka ta yanke wa Ibro da abokin aikinsa Lawal Ƙaura ɗaurin wata biyu a kan fim ɗin Ibro Aloko. Tsohon gandiroba sai ga shi ya koma gidan yari a matsayin fursuna. Ba shi kaɗai abin ya shafa ba, domin an ɗaure Adam A. Zango a 2007, an kuma ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyantama a ƙarshen 2008. Shari'o'in sun jawo muhawara a kan inda ikon tace fim ya tsaya, musamman game da mai barkwanci, wanda a al'ada akan ɗaga wa ƙafa kamar yadda ake yi wa wawan sarki a fada.

Bayan fitowarsa ya ci gaba da fim.

Rasuwa

Ya rasu a Kano ranar 10 ga Disamba, 2014, bayan fama da ciwon ƙoda.