Alhaji Ibrahim Dasuki da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya

Gabatarwa

Da yawa daga cikin matasan da suka tashi a Moduganari da sauran unguwannin Maiduguri ba su taɓa jin kukan jirgin ƙasa yana shigowa gari ba, alhali nan ne ƙarshen layin dogon da ya taso tun daga Fatakwal. Wannan maƙala za ta dubi rayuwar ɗaya daga cikin waɗanda suka riƙe ragamar reluwe, wato Alhaji Ibrahim Dasuki, domin a ga halin da ya tarar da hukumar da kuma abin da ya durƙusar da ita.

Tashinsa da Ayyukansa

An haifi Dasuki a Dogon Daji ta ƙasar Sakkwato a shekarar 1923, a zuriyar Buhari ɗan Shehu Usmanu. Ya yi karatu a Midil ta Sakkwato da Kwalejin Kaduna, sannan ya yi aiki a Kamfanin Gaskiya da ke Zariya. Daga nan ya zama sakataren Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya yi aiki a Jidda da Hartum, har ya kai matsayin babban sakatare a gwamnatin Jihar Arewa. Bayan ya bar aikin gwamnati ya shugabanci hukumar cinikin amfanin gona ta Arewa, wadda ke sayen gyaɗa da auduga. Ke nan ya san darajar tarago tun kafin ya shiga reluwe, domin jirgi ne ke kwashe wannan kaya zuwa bakin teku.

Abin lura shi ne, dogo bai taɓa isa birnin Sakkwato ba. Ya iso Kano a 1911, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Barno ta fi sa'a: da rancen dala miliyan 28 da Bankin Duniya ya bayar a 1958 aka shimfiɗa dogo mai tsawon kimanin kilomita 640 daga Kuru, kusa da Jos, ya ratsa Bauchi da Gwambe, ya iso Maiduguri a 1964.

Zamaninsa a Reluwe

A ƙarshen shekarun 1960 Dasuki ya zama darakta a hukumar, wadda aka kafa a 1955, daga baya ya shugabance ta har zuwa 1977. Sai dai ya zo ne rana ta fara karkata. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya katse layin gabas, ya lalata gadoji da taragai. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka rushe dalar gyaɗa. Daɗin daɗawa, kuɗin man fetur ya sa gwamnati ta karkata ga titunan kwalta, manyan motoci suka ƙwace shanu da fatu da hatsi daga hannun jirgin da ke rarrafe a kan tsohon dogo mai faɗin ƙafa 3 da inci 6. A 1964 jirage sun ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3, amma a 1974 fasinja sun koma miliyan 4 da 'yan kai, kaya kuwa tan miliyan 1 da 'yan kai. Shekara biyu da saukarsa, a 1979, gwamnati ta damƙa wa ƙwararru daga Indiya gudanar da hukumar.

Dasuki ya ci gaba da tashe a fagen banki da harkokin addini. Ya zama Sarkin Musulmi na 18 a 1988, gwamnatin Janar Sani Abacha ta tuɓe shi a 1996, ya rasu a Abuja a 2016.

Kammalawa

Haƙiƙa, mutum mai faɗa a ji ne ya riƙe hukumar, amma an ce ruwa ba ya tsami banza. Jirgin ƙasa da kayan gona yake rayuwa, kuma shugaba ɗaya ba ya iya maido da kayan da noma ya daina samarwa ko kulawar da gwamnati ta janye. A 2021 an ƙaddamar da gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri. Ya kamata masu wannan aiki su tanadi amsar tambayar da ta gagari magabatansu: idan jirgi ya dawo Barno, me zai ɗauka?