Makaɗan fada: su wane ne, kuma ina suke tsayawa idan sarauta ta girgiza?

Makaɗin fada shi ne wanda ya keɓe kiɗansa da waƙarsa ga basarake guda, sarki ko hakimi ko dagaci, shi kuma basaraken ya ɗauki ci da sha da suturarsa. Manazarta waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, sun ware shi daga makaɗan jama'a irin su Mamman Shata, waɗanda ke yi wa duk wanda suka ga dama waƙa. Na fada yana da ubangida, kuma sau da yawa shi kansa yana da rawani: Sarkin Taushi, Sarkin Kotso, Sarkin Tambari, Sarkin Kakaki.

A Kano abin ya daɗe. Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano ya danganta shigowar kakaki da zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Tun daga nan kayan kiɗa suka zama alamar muƙami. Tambari da kakaki na manyan sarakuna ne, attajiri komai dukiyarsa ba ya sa a buga masa su. Algaita da banga da jauje suna raka hawa. Kotso da taushi kuwa su ne ke ɗauke da waƙa, don haka a hannun masu su ake samun mafi yawan waɗanda za a kira maƙirƙira.

Ƙungiyar tana da tsari. Uban kiɗi ne ke tsara gindin waƙa, wato baitin da ake komawa gare shi, sannan ya riƙa kawo ɗiyan waƙa ɗaya bayan ɗaya, 'yan amshi suna karɓa suna ƙarasa masa zance. Sanƙira yana gefe yana kirari yana shelar kyautar da aka yi. Babu takarda a cikin wannan aiki, ƙwaƙwalwar 'yan amshi ce ma'ajiya, shi ya sa mutuwar tsohon ɗan amshi kan tafi da waƙoƙin da ba a naɗa ba.

Manyan sunayen wannan fanni sun fi fitowa daga ƙasar Sakkwato da Zamfara. Ibrahim Narambaɗa, mai Bakandamiya, makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne. Salihu Jankiɗi shi ne Sarkin Taushin Sarkin Musulmi. Sa'idu Faru ya shahara a kan Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu. Musa Ɗanƙwairo na Maradun, wanda ya rasu a 1991, ya fito daga gidan kiɗan noma, kotsonsa ya kai shi ga Sardauna Ahmadu Bello da Sarkin Kano Ado Bayero. A Kano kuwa ana tuna Abdurrahman Sarkin Kotso, a Katsina Mamman Sarkin Taushi.

Wanda ya ɗauki waƙar fada a matsayin yabo zalla bai saurare ta da kyau ba. Rabinta zambo ne da habaici. Makaɗi yana jero asalin ubangidansa da yaƙoƙin kakanninsa don ya tabbatar da cancantarsa, sannan ya juya kan 'yan uwan da suka nemi gadon suka rasa, ya siffanta su ba tare da ambaton suna ba, kowa a fada kuwa ya san da wa ake. Da harshen yau sai a ce shi ne ofishin yaɗa labaran basarake. Hatsarin sana'ar ma a nan yake: wanda aka yi wa zambo bana yana iya hawa gado baɗi.

A karkarar arewacin Kano, inda gona ke manne da gona daga Ungogo har Dambatta, makaɗin hakimi manomi ne da damina. Tun da Turawa suka tura hakimai su zauna a gundumominsu, kowace hedikwatar gunduma ta zama ƙaramar fada mai nata makaɗa, musamman Dambatta ta Sarkin Bai da Dawakin Tofa ta Madaki, biyu daga cikin masu zaɓen Sarkin Kano. Ladan makaɗi shi ne damin hatsi da kaka, riga, wani lokaci doki ko gona. Babbar kasuwarsa kuwa Sallah ce, lokacin da hakimi ke shiga birni da tawagarsa don hawan Daushe da na Nasarawa.

Wannan tattalin ya fara tsukewa tun da aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙara rage ikon sarakuna, sannan Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979. Talaka ya huta, amma hannun da ke yi wa makaɗi kyauta ya gajarce. Masu basirar waƙa suka bi inda kuɗi ya koma, wato wajen 'yan siyasa. Dauda Kahutu Rarara yana amfani da yabo da zambo irin na dā, sai dai ubangida ya canja, fiyano kuma ta maye gurbin kotso.

Ba Hausawa kaɗai suka ga irin haka ba. A Jamus, a ƙarni na 18, basaraken birnin Mannheim, Karl Theodor, ya tara ƙungiyar makaɗan da ta yi suna a duk Turai, ƙarƙashin Johann Stamitz, bayansa kuma Christian Cannabich. An san su da ɗaga sauti a hankali daga raɗa har ya zama tsawa, Mozart ma ya je neman aiki wurinsu a 1777 bai samu ba. Da basaraken ya gaji sarautar Bavaria ya koma Munich a 1778, yawancin makaɗan suka bi shi, Mannheim ta rasa martabar. Amma su sun bar kiɗansu a rubuce, ana buga shi har yau.

Rikicin masarautar Kano ya nuna yadda makaɗi ke rataye da kujera. A watan Mayun 2019 gwamnatin Abdullahi Ganduje ta ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, a Disamba kuma masarautar Bichi ta sanar da sauke wasu hakimai, har da na Dambatta da na Dawakin Tofa. Naziru Ahmad, wanda Sarki Muhammadu Sanusi II ya naɗa Sarkin Waƙa a 2018, ya ajiye sarautar bayan an sauke ubangidansa ranar 9 ga Maris, 2020. A Mayun 2024 majalisar dokoki ta rushe sababbin masarautun, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya dawo da Sanusi, Aminu Ado Bayero kuma ya tare a gidan Nasarawa. Da aka maido Rano da Gaya da Ƙaraye a matsayin masu daraja ta biyu, ba a haɗa da Bichi ba.

A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun duniya da aka gada. Amma 'yan sanda sun hana hawan a Babbar Sallar shekarar, suka sake hanawa a Sallolin 2025 biyu, saboda fargabar rikici tsakanin magoya bayan fadoji biyu. Ga mai algaita da mai banga na ƙauyukan Bichi da Dambatta, ranakun da aka hana ɗin su ne ranakun samun kyautar shekara.