Tallafin Gwamnati ga Harkar Noma a Yankin Fau, Jihar Gadarif: Wa Ke Cin Moriyarsa?

Tsakure

Maƙalar ta yi nazarin hanyoyin da tallafin gwamnatin Sudan ke bi kafin ya isa gonakin yankin Fau. Ta bibiyi tarihin manufofin noma daga 1968 zuwa yau, ta kuma nuna cewa takardar hayar ƙasa tallafin ke bi, shi ya sa ƙaramin manomi da ɗan ƙodago ba sa samun rabonsu.

1.0 Gabatarwa

Fau gari ne a kan hanyar Wad Madani zuwa Gadarif, kuma a nan hedkwatar Shirin Noman Rahad take. Shirin ya fara aiki a 1977 a kan kimanin faddan 300,000, da rancen Bankin Duniya da tallafin Kuwait da Saudiyya da Amurka. Faddan ɗaya ya ɗan haura eka guda. A gabas da shirin kuma akwai manyan gonakin damina, inda ake noma dawa da riɗi da tarakta.

2.0 Sigogin Tallafi

Ba kasafai tallafi ke zuwa hannun manomi a tsabar kuɗi ba. A Rahad, an bai wa kowane manomi hawasha, wato gonar haya, mai faddan 22, akasari don auduga da gyaɗa. A wancan lokaci hukumar shirin ce ke kawo ruwa da iri da taki, ta yi huɗa da feshi, sannan ta cire kuɗinta daga cinikin auduga. A gonakin damina kuwa, Hukumar Noma da Injuna da aka kafa a 1968 ta raba filaye masu faddan 1,000 zuwa 1,500 a kan haya mai rahusa, Bankin Noma na Sudan ya biyo baya da rancen tarakta da na man gas.

Daga 1992, lokacin da gwamnati ta sakar wa kasuwa mara, aka janye mafi yawan wannan tallafi. Bankuna suka ƙarfafa tsarin salam, wato a biya manomi kuɗin amfanin gona tun kafin ya nuna, shi kuma ya kawo buhuna da kaka. Cire tallafin mai a 2021 ya ƙara tsadar huɗa da ban-ruwa.

3.0 Tattaunawa

Banki ba ya ba da rance sai da jingina, kuma babbar jingina ita ce takardar fili. Manyan filayen damina sun faɗa hannun 'yan kasuwa da tsofaffin ma'aikata da hafsoshi, waɗanda da yawansu a birni suke zaune. Masu cire ciyawa da yankan riɗi da tsinkar auduga, ciki har da Hausawan da suka daɗe da zama a gaɓar kogin Rahad, galibinsu ba su da wannan takarda.

Wanda banki ya juya wa baya sai ya nufi ɗan kasuwar ƙauye ya ci bashin shel. Da tsakiyar damina, rumbu ya ƙare, zai karɓi kuɗi ko sukari da mai a kan buhunan dawar da ba ta ko fitar da kai ba, a farashin da bai kai na kaka ba. Ranar sussuka, mai bashi na tsaye a masussuka da buhunansa. Ta haka ribar da tallafi ya kamata ya bar wa manomi take komawa ga mai jari.

4.0 Kammalawa

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, da faɗuwar Wad Madani a Disambar wannan shekarar, sun mayar da Fau bakin daga da matattarar 'yan gudun hijira a lokacin. Duk wani shirin farfaɗo da noma a nan dole ya gyara tushen matsalar: a yi wa ƙananan gonaki rajista, a karɓi lamunin ƙungiyar manoma a madadin jingina, a kuma sanya iyaka ga abin da gona ɗaya za ta karɓa. Muddin ba a yi haka ba, tallafin zai ci gaba da ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi.