Baiwar Allah: 'yar jan tsuntsuwar tsakar gida da danginta na kan duwatsu

Baiwar Allah 'yar ƙaramar tsuntsuwa ce da kusan kowane gida a gundumomin Magaria da Dungas, cikin jihar Damagaram, ya saba da ita. Ita ce mai tsalle-tsalle a gindin turmi in mata sun gama surfe, tana tsintar tsaki ba ta damu da ƙafar mutum ba. Da Faransanci ana ce mata amarante du Sénégal, masana kuma suna kiranta Lagonosticta senegala. Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Linne, shi ya fara yi mata rajista a littattafan kimiyya a shekarar 1766. Ana samunta daga Senegal har Habasha, a gangara zuwa Afirka ta Kudu.

Tsawonta bai wuce santimita 10 ba, nauyinta kuma bai cika kai giram 10 ba. Namijin ja ne, fukafukansa ruwan ƙasa, da zobe rawaya kewaye da ido da 'yan ɗigo-ɗigo farare a gefen ƙirji. Macen ruwan ƙasa ce, sai ɗan ja a gaban ido da saman wutsiya. Bakinsu duka ja ne, kuma wannan bakin ne yake jawo mata bakin jini, domin wasu na haɗa ta da jan-baki mai cin hatsi. Alhali sun sha bamban. Jan-baki yana zuwa dubbai a garke guda, ya sauka kan zangarniya ya kwashe gona. Baiwar Allah kuwa bibbiyu take yawo ko 'yan kaɗan, a ƙasa take kiwo, abincinta 'ya'yan ciyawa ne da hatsin da ya zube, wani lokaci da gara. Yaron da ya harbe ta da danƙo da sunan tsaron gona bai ceci ko zangarniya ɗaya ba.

A yankin Sahel tana yin sheƙa daga ƙarshen damina har cikin rani. Sheƙar dunƙulalliya ce ta busasshiyar ciyawa, da ƙofa a gefe, an shimfiɗe cikinta da gashin tsuntsaye, sau da yawa na kaji ko zabi da ta tsinta a gidan. Tana son jinkar ɗaki, da darni, da ramin bango, da shingen ƙaya. Takan yi ƙwai farare 3 zuwa 4, wani lokaci fiye. Mace da namiji suna karɓa-karɓa wajen kwanci na kwana 11 zuwa 12, 'ya'yan kuma su tashi bayan kamar kwana 18.

Abin da ya sa masana suka daɗe suna bibiyar wannan tsuntsuwa shi ne wani baƙo da take yi wa reno ba da saninta ba. In damina ta yi nisa, akan ga wani ɗan baƙin tsuntsu mai ƙyalli, da farin baki da jajayen ƙafafu, yana kuka a saman itace ko kan wayar lantarki. Faransawa suna ce masa combassou. Wannan ba ya gina sheƙa ko sau ɗaya a rayuwarsa. Macensa tana faɗawa sheƙar baiwar Allah ta ajiye ƙwanta, fari kamar na masu gida, ta yi tafiyarta.

Dabarar ba a ƙwan ta tsaya ba. 'Ya'yan baiwar Allah suna da wasu baƙaƙen ɗigo a ganɗa da 'yan ƙulluttai masu haske a gefen baki, waɗanda iyaye ke gani in sun buɗe baki neman abinci. Ɗan baƙon yana fitowa da irin wannan zanen sak, don haka ake ɗura masa abinci tare da 'yan gida. Ba ya turo su waje, tare suke girma. A cikin sheƙar ne kuma yake koyon kukan uban riƙonsa. In ya girma, namiji ne, sai ya riƙa saka wannan kukan cikin nasa. Macen da ita ma baiwar Allah ta rene ta takan zaɓi mai irin wannan kukan, ta kuma nemi irin sheƙar da ta tashi a ciki. Bafaranshiyar nan Marie-Yvonne Morel ta yi shekaru tana nazarin wannan zaman a Richard-Toll ta ƙasar Senegal.

Wannan kwaikwayon ne ya tona asirin wata 'yar uwar baiwar Allah da ke zaune kan duwatsu. A tsaunukan Jos, a Najeriya, Ba'amurken masani Robert Payne ya lura da wani combassou da yake kwaikwayon kukan da bai dace da na kowace tsuntsuwar da aka sani ba. Da aka bi sawun kukan sai aka iske mai shi a ƙungurmin ciyayi da sarƙaƙiyar da ke gindin manyan duwatsu. A 1998 aka raɗa mata suna Lagonosticta sanguinodorsalis, wato mai jan baya kamar jini. Bakinta ba ja ba ne, ruwan toka ne mai shuɗi-shuɗi, kan namijin ma toka-toka ne. Daga baya an gan ta a duwatsun Mandara, kan iyakar Najeriya da Kamaru. Wurin da aka fi zuwa ganinta shi ne dajin Amurum kusa da Jos, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis take. Ita ba ta shiga gidajen mutane, kuma in aka sare sarƙaƙiyar gindin dutse don itacen girki ko aka fasa dutsen don gini, mazauninta ya tafi ke nan.

Ta tsakar gida kam ba ta cikin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu. A da dai an sha kama ta tare da sauran ƙananan tsuntsaye a Senegal da Mali da Gini, ana kai su Turai a sa a keji. Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da tsuntsayen daji a 2005 saboda murar tsuntsaye, cutar da aka fara tabbatar da ita a Nijar a nan Magaria cikin watan Fabrairun 2006, sannan ta mayar da hanin na dindindin a 2007.