Ƙarewar Wa'adin Takardun Shaidar Tsaro na Shafukan Intanet da Darajar Gargaɗin Burauza

Tsakure

Wannan maƙala ta duba abin da ke faruwa idan wa'adin takardar shaidar tsaro ta shafin intanet ya cika, da yadda jama'a ke ɗaukar gargaɗin da burauza ke yi musu. Ta dogara da binciken da aka riga aka wallafa, da kuma abin da ya auku ranar 30 ga Satumba, 2021, da wa'adin wani tushen takardun shaida ya cika. Matsayinta shi ne cewa ko laifin na wane ne, mai ziyara ne ke kwana a ciki, domin yawan gargaɗin da ba haɗari a bayansa yana sa a raina gargaɗi.

Gabatarwa

Duk shafin da adireshinsa ya fara da https yakan miƙa wa burauza takardar shaida mai tsarin X.509. A cikinta akwai sunan shafin, da makullinsa na fili, da sa hannun hukumar da ta bayar da ita, da ranar farawa da ranar ƙarewa. Burauza takan gwada ranakun nan da agogon na'ura. Idan lokaci ya wuce, Chrome kan tare shafin da saƙon NET::ERR_CERT_DATE_INVALID. Cikar wa'adi ba ta hana ɓoye bayanai aiki. Abin da ya faɗi shi ne lamuni: hukumar ba ta da sauran alhakin sanar da soke takardar, don haka ko an sace makullin, burauza ba ta da hanyar sani.

Yadda jama'a ke ɗaukar gargaɗin

Binciken Akhawe da Felt na 2013 ya gano cewa a kusan kashi 70 cikin ɗari na gargaɗin irin wannan a Chrome, mutane sun danna sun wuce, yayin da a Firefox adadin bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Wannan tazara ta nuna fasalin shafin gargaɗin yana da tasiri ƙwarai. Acer da abokan aikinsa kuma, a 2017, sun nuna cewa kaso mai yawa na gargaɗin ba daga shafin yake ba, agogon na'urar ne ba daidai ba. Bai dace a ɗora wa mai amfani laifin gaggawa ba. Wanda ya sha wucewa bai ga sharri ba, da me zai gane ranar da wani ya shiga tsakaninsa da bankinsa?

Darasin Satumba 2021

Amincewa da takarda tana tafiya ne kamar isnadi: wannan ya tabbatar da wancan, har a kai ga tushen da na'ura ta riga ta yarda da shi. Tushen ma yana da wa'adi. Let's Encrypt, wadda ke bayar da takardu kyauta, ta daɗe tana jingine da tushen DST Root CA X3 na kamfanin IdenTrust, wanda wa'adinsa ya cika ranar 30 ga Satumba, 2021. Na'urorin da ba su san sabon tushenta, ISRG Root X1, ba, kamar iPhone mai manhaja ƙasa da iOS 10, sun fara ƙin shafukan da takardunsu lafiya lau suke.

Wayoyin Android masu manhaja ƙasa da 7.1.1, waɗanda a ƙarshen 2020 sun kai kusan sulusin wayoyin Android da ke aiki, sun tsira ne da dabara. Android ba ta duba ranar ƙarewar tushe, sai IdenTrust ta sake sa hannu a kan ISRG Root X1 na shekara 3, wanda shi ma ya ƙare a Satumba 2024. Wannan ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, inda wayar da aka saya hannu na biyu ke daɗewa a hannun mutane bayan kamfani ya daina sabunta ta. A nan mai shafi bai yi sakaci ba, mai waya ma haka, amma gargaɗin da ya bayyana iri ɗaya ne da na hari.

Gajarta wa'adi

Manyan kamfanoni ma sukan manta. A Disamba 2018 takardar da ta ƙare a manhajar Ericsson ta katse sadarwar O2 a Birtaniya da SoftBank a Japan, haka kuma Microsoft Teams ya tsaya saboda ƙarewar takarda ranar 3 ga Fabrairu, 2020. Maganin da masana'antar ta zaɓa shi ne rage wa'adi. Daga Satumba 2020 an taƙaita shi zuwa kwana 398, sannan a Afrilu 2025 majalisar CA/Browser Forum ta amince a riƙa rage shi mataki-mataki har ya dawo kwana 47 a Maris 2029. Manufar ita ce a tilasta sabuntawa ta atomatik ta ƙa'idar ACME, kuma hakan daidai ne. Sai dai jami'a ko ma'aikatar da har yanzu ma'aikaci ɗaya ke sabunta takardarta da hannu za ta fuskanci wannan aiki kusan sau 8 a shekara, ga shi tun Yuni 2025 Let's Encrypt ta daina aika imel ɗin tunatarwa.