Shaye-shaye Tsakanin Ɗaliban Sakandare a Arewacin Najeriya

Shaye-shaye tsakanin ɗalibai shi ne ta'ammali da kayan maye, ko shan magungunan asibiti ba da umarnin likita ba, da matasa 'yan makaranta ke yi. A Arewacin Najeriya akasarin abin da suke sha ba daga nesa yake zuwa ba: ana samunsa a kemis, a tasha, ko wajen masu tallar magani a bakin hanya.

Girman matsalar

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3, wato kashi 14.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha wani abin maye a shekarar da aka yi nazari a kanta. Kusan miliyan 10.6 tabar wiwi suka sha, miliyan 4.6 kuma magungunan kashe raɗaɗi irin su tiramadol. A cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. Jihar Kano ta kai kashi 16 cikin ɗari, sama da matsakaicin ƙasa.

Abubuwan da ake sha

Waɗanda suka fi yawa su ne wiwi, tiramadol, maganin tari mai kodin, ƙwayoyin barci irin su diyazafam da roci, da sholisho, wato gam ɗin facin taya da ake shaƙa. Akwai kuma zaƙami da shayin gadagi. Doka ta amince da tiramadol mai nauyin miligiram 50 da 100 ne kawai, amma na fasa-ƙwauri yakan kai 225. Kodin ya samu karɓuwa wajen 'yan mata saboda ba shi da wari kamar hayaƙi, kuma ana iya juye shi cikin kwalbar lemo a sha a bainar jama'a ba tare da an gane ba.

Musabbabi

Abokai ne kan gaba; mafi yawan yara daga hannun aboki suke fara ɗanɗanawa, galibi kyauta. Sai arhar kayan, da rashin sa ido a makarantun kwana masu cunkoso, da mutuwar aure ko rikicin gida, da camfin cewa ƙwaya tana ƙara ƙarfin karatu ko aiki. Haɗuwa da 'yan daba da 'yan jagaliyar siyasa kan ƙara dulmiyar da yaro.

Alamomi

Malamai da likitoci kan ja hankalin iyaye ga jan ido, yawan barci ko rashinsa, nauyin harshe, saurin fushi, ramewa, faɗuwa jarrabawa, guje wa makaranta, sauya abokai da ɓacewar kuɗi a gida. Alama ɗaya ba hujja ba ce. Taruwarsu ce ke buƙatar bincike.

Matakan iyaye

Rigakafin da aka saba da shi ya haɗa da sanin abokan yaro da gidajensu, ƙayyade lokacin dawowa gida bayan magariba, taƙaita kuɗin kashewa, adana magungunan gida inda yara ba za su kai ba, da tuntuɓar malamin aji ko shugaban ɗakin kwana. Iyaye da yawa suna cike lokacin yaro da Islamiyya da koyon sana'a. A wasu unguwanni dattawa da masu unguwa kan haɗa kai su kai ƙarar dillalai.

Babban cikas shi ne kunya. Tsoron ɓacin sunan gida, musamman idan 'ya mace ce, kan sa a rufe maganar har ta yi nisa. Wasu kan kai yaro gidan mari. A Satumbar 2019 'yan sanda sun kuɓutar da ɗaruruwan mutane daga wani irin wannan gida a Rigasa, Kaduna, wasunsu ɗaure da sarƙa, abin da ya jawo rufe makamantansa a Katsina da Kano. Likitoci na ba da shawarar a nufi asibitin ƙwaƙwalwa, kamar na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, na Maiduguri, ko na Dawanau a Kano, domin yanke wasu ƙwayoyin farat ɗaya na iya jawo farfaɗiya.

Matakan hukuma

An kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, NDLEA, a 1989. A ranar 1 ga Mayun 2018 Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, kwana ɗaya bayan BBC ta fitar da binciken sirri kan cinikinsa, sai dai hakan bai hana sayar da shi a bayan fage ba. A 2021, ƙarƙashin shugabancin Buba Marwa, NDLEA ta ƙaddamar da gangamin yaƙi da shaye-shaye mai suna WADA, wanda ke kai wayar da kai makarantu da masallatai. Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta kuma gwada shirin Unplugged mai darussa 12, wanda ke koya wa ɗalibai dabarun ƙin amsa tayin abokai.